Tsamiyar Shamuwa

Gidan burodina na Gumel cin itace yake kamar wutar daji. Da ranin 1994 na sayi wata tsohuwar tsamiya a bayan Gagarawa, na kai masu gatari.

Wani dattijo, Malam Abdulmuttalib, ya tare ni a gindinta. Ya ce, "Alhaji, a kanta shamuwa ke sheƙa. Da mun ga ta sauka muke fito da iri. Ka nemi busasshe mana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, tanderu bai san tsuntsu ba." Aka kayar da ita. Kwana goma sha biyu ta yi mini, ta zama toka.

Da bazara na bi ta wurin, na ga shamuwa tana ta kewaya kututturen, ta rasa inda za ta sauka. Na tsaya ina kallonta har ta tafi.

Tun daga nan busasshen itace kaɗai nake saye, kuma kowace motar itace na sauke sai na dasa tsamiya goma, in killace su da ƙaya. Na kai dattijon ya gani. Ya duƙa ya shafa wata da ba ta kai gwiwarsa ba.

Ya ce, "Allah ya raya. To Alhaji, shekara nawa za ka ce wa shamuwa ta jira?"