Kwandon Tulunan Ummu Ragab

Ammu Shahata bai so tafiyar nan ba ko kaɗan. Ɗansa ne ya kama ɗaki a Baltim, garin bakin teku, ya rantse ko a kafaɗa ne sai ya kai tsohon ya sha iskar teku da jikokinsa. To, wa za a bar wa kuɓewa? A ɗan filinsa na bayan gidajen ma'aikatan masaƙa a garin Mahalla na ƙasar Masar, yana da kunya biyu ta jar kuɓewa, irin da matarsa, marigayiya Nagat, ta zo da shi daga ƙauyensu. Bana ya zube ragowar irin kaf a ƙasa. In zafin Agusta ya ƙone ta kafin ta ƙosa, shi ke nan, an rabu.

Mutum ɗaya ce ba ta fashin zuwa wurin: Ummu Ragab, mai filin da ke jikin nasa. Su kuwa tun da kabewarta ta tsallako iyaka ya datse mata yaɗo, gaisuwarsu ma sai da harara. Ya roƙe ta? Haba, ai gara ya haɗiye harshensa.

Ranar tafiya ya shayar da kuɓewar har ƙasa ta yi caɓi. Yana fitowa sai ga ta da kwando a ka, cike da tulunan ƙasa. Ko yaron goye a garin nan ya san wanda ake fasa wa tulu a baya: baƙon da ba a so ya dawo.

"Ashe ɗaya bai ishe ki ba, Hajiya? Sai kwando guda?"

"Kama hanyarka, Alhaji, mota na jira," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

A Baltim yara na ta iyo, shi yana zaune ƙarƙashin laima kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya dubi tekun ya yi tsaki. Ga ruwa har ya yi yawa, kuɓewarsa tana can da ƙishi.

Da suka dawo, da jakarsa a hannu ya zarce filin. Ya tsaya turus. Kuɓewar ta kai masa kafaɗa, ganye shar, 'ya'yanta na ƙasa-ƙasa sun ƙosa har sun fara bushewa. Tsakanin gindi da gindi ga bakin tulu, an binne shi har wuya, an rufe da tsohon faranti. Ya durƙusa ya tona da yatsa. Ƙasar da danshi, tulun yana ta gumi yana shayar da saiwa a hankali.

Ummu Ragab na zaune a nata gefen tana tsinkar lalo.

"Hajiya... ni na ɗauka fasawa za ki yi."

"Na sani. Na bar ka ne ka ji a jikinka, mai datse kabewar mutane."

Kunya ta rufe shi. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan dabara?"

"Nagat mana. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, haka ta yi wa tumatirina. Kai kana can gidan shayi."

Ammu Shahata ya tashi ya karyo busasshiyar kuɓewa mafi girma, ya tsallaka iyakar, ya fasa ta a tafin hannun Ummu Ragab.

"Baɗi ki shuka a naki," ya ce. "Bai kamata irin nan ya zauna a hannun mutum ɗaya ba."