Fanka Goma Sha Ɗaya

Injiniya yana tsaye a ƙofar ɗakunan kwanan 'yan mata, da leda a hannu, yana maimaita jawabin da ya yi awa huɗu yana shiryawa a cikin mota. A ledar akwai maganin ciwon kai da biskit. Shi dai ba injiniya ba ne, mai gyaran fanka da dutsen guga ne, amma shekara ashirin ana kiransa haka, har ya gaji da musu.

'Ya'yansa biyu ne a wannan kwaleji. Babban, namiji, yana shekarar ƙarshe, ana ce masa Dattijo don tun yana ƙarami maganarsa ba ta wuce a ƙirga. Ƙaramar kuwa Rediyo ake ce mata, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Tun da aka fara jarrabawa kullum sai ta kira ta yi kuka: ba ta iya barci, ta karanta ta manta. Jiya ta ce in bai zo ba yau za ta haɗa kayanta. Dattijo kuma duk lokacin da aka kira shi, "Lafiya lau, Baba." A shago, fankar da ke ƙara ita ake kawowa gyara, don haka Injiniya bai yi wahalar gane wanda ya zo dominsa ba.

Sai ga ta ta fito da ƙawaye biyu, tana dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ka iso?"

Ya dube ta sama da ƙasa. Har ƙiba ta yi.

"Ke ce mai haɗa kayan?"

"Wannan ai jiya ne. Na yi kukana na gama."

"Tsari gare mu, Baba," in ji ɗaya ƙawar bayan ta gaishe shi. "Kowacce minti goma ake ba ta ta yi kukanta, sauran su riƙe mata hankici. In ta gama sai a koma karatu."

"In ba ta gama ba fa?"

"Sai ta ranci na gobe."

Injiniya ya canja wa ledar hannu. A jawabinsa babu inda ya tanadi wannan.

Rediyo ta sallami ƙawayen, ta ja shi gindin wata bishiya. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ciro wata takarda daga jaka.

"Ba don ni na kira ka ba. Yaya ne. Jarrabawa uku bai shiga ba. Wannan takardar neman ɗage masa ce zuwa baɗi. Dole ya rubuta dalili, kai ka sa hannu, a kai ofishin harkokin ɗalibai kafin ƙarfe huɗu na yau. In ba haka ba za su cire sunansa."

"Wane Yayan?"

"Nawa ne yayyen nawa, Baba?"

"Shekaranjiya na yi magana da shi. Ya ce lafiya lau."

"Ko a cikin rijiya ka kira shi haka zai ce."

"To me ya hana ki gaya mini a waya?"

"Sau biyu na gaya maka. Ka ce namiji ne, ya san abin da yake yi. Sai na lura in na yi kuka ne kaɗai kake shiga mota."

"Wato kukan ƙarya ne?"

"Na gaskiya ne. Amfani dai na yi da shi."

Ya duba agogo. Biyu ta wuce. Shekara huɗu na ɗansa sun rataya a kan takardar da ba ta kai girman rasit biyu ba.

Ba a barin mata su shiga ɓangaren maza, don haka Rediyo ta zauna a benci a waje. A kan matakala Injiniya ya gamu da abokin ɗakin Dattijo, wani dogo da tawul a wuya.

"Ai ba shi da matsala, Baba. Jiya ma tare muka kalli ƙwallo."

"Ka san bai shiga jarrabawa uku ba?"

"Na sani."

"Ka tambaye shi dalili?"

Dogon ya sosa ƙeya, kamar an ce ya karanta wasiƙar wani. "A'a. Na dai bar masa cajar wayata tsawon mako guda."

Injiniya ya gyaɗa kai. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ya ga wannan ɗin ma ƙoƙari ne.

Ya tura ƙofar. Fankoki ne ko'ina, a kan gado, a kan tebur, a bakin taga. Ya ƙirga ba da niyya ba, goma sha ɗaya, kowacce da lambar ɗakin mai ita a jikin ɗan tef. An tokare ɗaya da littattafai uku. Dattijo yana zaune a ƙasa da sukudireba a hannu. Wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa.

"Baba. Sannu da zuwa."

"Yauwa. Ya karatu?"

"Lafiya lau."

Injiniya ya lalubi jawabinsa. Ya fara da "'yata", ya ƙare da "share hawayenki". Ba abin da zai iya cirowa daga tsakiya. Sai ya tattare wandonsa ya zauna a ƙasa, ya jawo fankar da ke gaban yaron.

"Me ke damunta?"

"Ba ta motsi. Ko ƙara ba ta yi."

Injiniya ya sunsuna bayanta. "Koyil ne, wayar cikin injin ta ƙone. Ta daɗe tana zafi ba wanda ya taɓa ya ji." Bai so yadda maganar ta fito ba. "Miƙo waccan fankar."

Suka kwance ta tare. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya murɗa. Injiniya ya tuna ranar da aka shiga da mahaifiyarsu tiyata, yadda ya dawo gida ya kwance firjin da ba abin da ya same shi, ƙusa-ƙusa, ya jera a tsakar ɗaki. Har yau in ta so ba baƙi dariya wannan labarin take ɗaukowa. Shi kuwa har yau cewa yake yi firjin yana ɗan ƙara.

Uku ta wuce lokacin da Dattijo ya yi magana, idonsa a kan wata ƙusa.

"Ina zuwa fa, Baba. Ina shiryawa, in tafi har ƙofar ɗakin jarrabawar. Sai numfashina ya ƙi. Hannuna ya kama rawa. In ga kamar faɗuwa zan yi a gaban mutane. Sai in dawo."

"Ka karanta?"

"Na karanta. Ko yanzu ka tambaye ni."

"To mene ne?"

"Ban sani ba." Ya ɗaga sukudireban. "In ina riƙe da wannan dai ba ya rawa."

Injiniya ya so ya ce wani abu mai nauyi, irin na iyaye. Abin da ya fito shi ne, "Sa takalminka."

A ofishin suka tarar da wata ma'aikaciya mai tabarau, ta riga ta ɗora jakarta a kan tebur. Saura minti ashirin. Ta duba takardar, ta turo ta baya.

"Wurin dalili ba komai."

"Rubuta zazzaɓi," in ji Injiniya a hankali.

"Baba," in ji Rediyo.

Ma'aikaciyar ta dube shi ta saman tabarau. "Makon nan zazzaɓi goma sha huɗu na karɓa, duk na maza, ba ko ɗaya da takardar asibiti. Duk an dawo da su. Matan kuwa su cika layukan nan uku, su juya baya, su nemi ƙarin takarda. Ni abin da ya faru nake so. In ya rubuta, gobe ya ga likitan kwaleji, shi ke nan."

"Mutane nawa za su karanta?" Dattijo ya tambaya.

"Ni da likita. Ni kuma mantuwa gare ni."

Ya ɗauki biro. Bakin biron ya fara buga takardar, ɗigo-ɗigo, ba harafi ko ɗaya. Ya ajiye, ya goge tafinsa a wando, ya sake ɗauka.

Injiniya ya laluba aljihun gaba, ya zaro ƙaramin sukudirebansa mai jan kai, wanda ko biki zai je ba ya bari a gida. Ya sa wa ɗansa a hannun hagu, ya naɗe masa yatsun a kai.

Ma'aikaciyar ta dubi sukudireban, ta dubi uban, ta ga ba hurumin ofishinta ba ne.

Dattijo ya fara rubutu. Layi ɗaya, sannan na biyu. Injiniya bai leƙa ba. Ya ɗaga kai yana kallon fankar silin ɗin ofishin, wadda ke juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi, kuma a karo na farko bai iya gane abin da ke damun fanka ba, don tana ta rabuwa biyu a idonsa.

Aka turo masa takardar ya sa hannu. Ma'aikaciyar ta buga hatimi, saura minti shida.

"Kai fa, Baba, lafiya?" ma'aikaciyar ta tambaya.

"Lafiya lau," in ji Injiniya.

Rediyo ta karɓi ledar daga hannunsa, ta ciro hankicinta ta sa a madadinta. Ta duba agogo.

"Minti goma gare ka, Baba," ta ce. "Yaya, kai ne na gaba."