Murmushin da Na'iya Ya Ƙara

Na'iya bai iya ajiye abu mai kyau a ɗaki ba, wannan kowa a Tambuwal ya sani. In ya ɗinka sabuwar riga, ko ba Juma'a ba sai ya zagaya kasuwa da ita. To balle zane! Ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen noma, inda aikin bai wuce sa hannu da jiran azahar ba. Zane kuwa shi ne abin da yake yi da ransa. Mutane su turo masa hoto ta Wasaf, daga Sakkwato, daga Abuja, har daga Fatakwal, ya zauna da fensir da gawayi ya fitar da fuskar a farar takarda, a ba shi ɗan abin da aka ba shi. Yana gamawa sai ya ɗauki hoton aikin ya sa a Fesbuk, don ta nan wasu ke gani su kawo nasu.

Wannan karon wani Ɗangiwa ne, mutumin Kebbe mai kai albasa Kudu, ya turo hoton matarsa Zahara'u. Hoton ranar biki ne, gyale ya ɗan zame, fuska a ɗaure tamau irin ta amaryar da ta gaji da kuka. Ya biyo da saƙon murya: "Don Allah, Malam Na'iya, ni kaɗai nika son ganin abin ga. In na yi nisa in riƙa dubawa. Kar ka sa shi ko'ina." Na'iya ya ce ai ko kaɗan, haba, shi yaro ne?

Sai dai yana da wata ɗabi'a: ba ya sallamar fuska a murtuke. Kowa aka turo masa sai ya ɗan ɗaga gefen baki, ya sassauta ido, masu aiki kuma suna son haka. Ya daɗe yana kallon hoton nan, yana buɗa shi da yatsa biyu, har ya hango wata 'yar inuwa a kumatun hagu. Ya ce a ransa, wannan in ta yi murmushi nan wurin lotsawa yake yi. Ya zana shi a lotse. Da ya ja da baya ya duba, shi kansa sai da ya ce, "Kai!" Tunda yake zane bai taɓa yin irinsa ba.

Ya jingine takardar a bango. Ya fita, ya dawo, ya sake dubawa. Ya ɗauki waya, ya ajiye. A ƙarshe ya ce da kansa, wai ma Kebbe ina ta ga sabis? Ɗan lokaci kaɗan zai sa shi, abokan zane su gani, ya cire. Ya sa. Yabo ya fara zuba, mutuminku ya ji daɗi ya manta da maganar cirewa.

Kashegari da hantsi yana ofis yayarsa Kaltume, wadda ke aure a Kebbe, ta kira. Ko gaisuwa babu.

"Na'iya, mi ka aikata?"

"Ni? Lafiya, Yaya?"

"Ina lafiya! Matar Ɗangiwa ka sa a waya duniya ta gani. Tun jiya garin ga ba a da wata magana. An kai ma Malam Arzika, uban mijin. Cewa aka yi watan jiya da ta zo asibitin Tambuwal, wurinka ta biya ta zauna ka zana ta."

Na'iya ya miƙe zumbur. "Wallahi ban taɓa ganin ta ba! Mijinta ya turo hoto!"

"Hoton nan kowa ya san shi, shina rataye ɗakinta, kuma ba ta dariya a ciki. To wa take ma murmushi a naka? Malam ya ce in an yi la'asar a maida ta gidansu Jabo, sai mijin ya dawo. Kai dai ka san in mace ta fita da irin wagga magana, ba ta wankuwa."

Na'iya ya goge hoton daga Fesbuk nan take. Ina amfani? Sambo, abokin teburinsa, ya miƙo masa tasa wayar: ga Zahara'u nan tana murmushi a zauren Wasaf na tsofaffin ɗalibai, ga ta a na 'yan ƙwallo, wani ma ya sa mata waƙa. Na'iya ya kira Ɗangiwa, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Mutum yana bayan tirela tsakanin dazuzzuka, wa zai same shi? Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya koma ya zauna. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana shi sakat. Can ya figi makullin babur, ya biya gida ya naɗe takardar zanen ya cusa a jaka tare da fensirorinsa da gawayi da sauran fararen takardu, ya kama hanyar Kebbe.

Hanyar nan ko da rani ba ta da mutunci, balle an kwana ana ruwa. Ya faɗa rami ya fito, laka ta yi wa farar shaddarsa ado har gwiwa. Duk inda ya ga tudu sai ya tsaya ya ɗaga waya sama ya gwada Ɗangiwa. Shiru. Ya riƙa shirya magana a ransa yana rushewa. Ya ce zai fara da rantsuwa, ya ga ai duk maƙaryaci da ita yake farawa. Ya duba rana, ta fara karkata. Ya ƙara wuta.

Ya tarar da Malam Arzika a zaure kan buzu, littattafai a gefe, mutum uku na gidan suna zaune sun yi jigum. Dattijo ne baƙi, siriri, goshi duk layi. Ko amsa sallamarsa a taƙaice take. Daga ƙofar cikin gida wata tsohuwa tukuf na zaune kan kujera 'yar tsugune, sanda a hannu. Ita ce Dada, mahaifiyar Malam.

Na'iya ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ni ne mai laifin. Ni ne Na'iya."

Malam ya dube shi daga hula har laka. "Kai ne mai yin surar mutane."

"Ni ne. Amma wallahi baiwar Allah nan ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ɗanka ya turo hoto." Ya buɗe waya ya kunna saƙon muryar. Kowa ya ji Ɗangiwa yana roƙon kar a sa ko'ina. Na'iya ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Na ji muryar ɗana," in ji Malam. "Shi ma da ni da shi. Ya turo hoto, na yarda. Amma wanga hoto mun san shi. Buɗe abin da ka zana."

Ya warware takardar a kan tabarma. Mazan suka kau da kai, suna satar kallo. Dada ta miƙo wuya, ta nuna da bakin sanda.

"Wanga lotsawa na kumatu," ta ce, "ni da nika kwana gida ɗaya da ita, sai ta yi dariyar gaske nika ganin shi. Babu shi a hoto. Kai ɗan nan, ina ka gan shi?"

"Ƙarawa na yi, Inna. Haka nike ma kowa. Fuska in ka daɗe kana duba ta, tana nuna maka inda dariya ke bi."

"Ji wata magana!" wani daga cikin mazan ya ce. "Duba ka iya ke nan?"

Nan Na'iya ya gane ramin da ya haƙa wa matar mutane. Da ya yi aikin banza, da tuni an yi dariya an watse. Kyan aikin ne ya zama shaida a kanta. Daga cikin gida yana jin ana jan akwati a kan siminti. Sai kawai ya ji bakinsa yana cewa, "To a ba ni wanda ban taɓa ganin dariyarshi ba. Yanzun ga, gabanku. In na kuskure, duk abin da anka yi mani daidai ne."

Dada ba ta ko yi tunani ba. Ta juya sandar ta nuna ɗanta. "Ga shi nan zaune."

"A'uzubillahi!" Malam ya zabura. "Dada, ni za a yi ma sura? Ni da nika hana mutane?"

"Kai za a yi ma. Auren ɗiyar mutane zaka ɗagawa kan zato. In an gama ka ƙone takardar. Zauna, Arzika."

Mutum ya haura sittin, amma uwa uwa ce. Ya zauna, ya ƙara tsuke fuska, ya kafa ido a bango yana jan carbi da ƙarfi. Na'iya ya ɗora takarda kan wani allo da aka miƙo masa. Layin farko ya karkace, ya goge. Ya dubi fuskar nan ya rasa ta ina zai shiga. Babu ƙofa ko ɗaya! Ladan kuma ya fara gyaran murya a masallacin ƙofar gida. Ya daure ya ci gaba da kallo, har ya lura gefen baki na dama ya fi na hagu sauka, kuma akwai wasu 'yan layuka a wutsiyar idon dama da ba na fushi ba ne, tsofaffi, sun kusa shafewa. Ya ce a ransa, wannan da gefe ɗaya yake yi, ido ɗaya na rufewa. Ya bi su da fensir. Ya shafa gawayi da ɗan yatsa. Ya miƙa wa tsohuwa.

Dada ta kai takardar kusa da hanci, ta janye, ta sake kaiwa. Bakinta ya fara motsi.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Arzika na. Ranar da ubanai ya sawo mai keke, shekarun da kuɗin man fetur sunka cika gari. Haka ya yi, ido ɗaya a rufe." Ta goge hawaye da gefen zane. "Rabona da wagga fuska tun kafin a haifi yaron ga. Bai taɓa ganin ta ba, ni shaida ce."

Mazan suka matso suna leƙe, ɗaya ya toshe baki don kar dariya ta kubce masa. Malam ya karɓi takardar ya duba sau ɗaya, ya kife ta a kan buzu.

"Astagfirullah," ya ce. "Mun zalunci yarinya. A ce mata ta kwance kaya. Kai kuma, ka ji amanar da anka ba ka, ka ga abin da ka yi da ita."

"Na gani, Allah gafarta Malam."

Wani sanyi ya ratsa Na'iya tun daga ka har ƙafa. Ya gyara! Har ya fara ayyana yadda zai ba Sambo labari gobe a ofis. Sai aka ji murya daga bayan labulen ƙofar cikin gida, ba kuka a cikinta, ba ɗaga sauti.

"Baba Malam, na ji an ce in kwance kaya. Na gode."

"Ki yi haƙuri, Zahara'u. An wanke ki."

"Jiya na rantse maku da Allah a tsakar gidan ga. Na ce asibiti na tafi, asibiti na dawo. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Dada, ke ma shiru kinka yi." Ta ɗan tsaya. "Sai da baƙo ya zo da fensir kunka yarda. Zan je Jabo in ga innata. In shi ya dawo, ya same ni can, mu yi magana."

Malam ya sunkuyar da kai kan carbinsa. Ba wanda ya hana ta.

Bayan la'asar Na'iya na ƙofar gida yana fama da babur ɗinsa da ya ƙi tashi, aka fito da ita. Ɗan acaɓa ya ɗaure akwatin a gaba. Hijabi ne har ƙasa, ga niƙabi, ko ƙwayar idonta bai gani sosai ba. Ya matsa kaɗan, ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mani."

Ba ta juyo ba. Ta gyara zama a bayan babur ta ce da ɗan acaɓan, "Mu tafi."

Yana tsaye da takardarta a naɗe a hannu, wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Ɗangiwa ne, ya samu sabis.

"Malam Na'iya! Na ga kiranka birjik, yanzu munka sauka. An gama ke nan? Ya yi kyau?"