Zanen da Bilki Ta Maimaita

Bilki na cikin kwaɓa lalle lokacin da Alhaji Abdussamad ya tsaya a ƙofar shagonta, ya miƙo mata waya tun kafin ya kammala sallama. A bayansa akwai wani matashin lauya cikin baƙar kwat, wanda zafin Dutse ya riga ya yanke wa hukunci.

"Duba nan," in ji Alhaji. "Aikinki ne?"

Hoton hannun mace ne riƙe da kwalbar maganin tarin yara. Babban yatsa ya ɗaga sabuwar takardar da aka manna, a ƙarƙashinta kuma ga ainihin ranar da maganin ya daina aiki, wata goma sha huɗu da suka wuce. An sa hoton a wani shafin Fesbuk da ba a san mai shi ba, tare da bayanin cewa daga ɗakin maganin asibitin kuɗi na Alhaji aka ɗauke shi. Wadda ta ɗauka ta ɓoye sunanta da fuskarta da lambarta. Ƙunshinta kawai ta manta.

A wuyan hannun ga ƙaramar bishiyar dabino, alamar da Bilki ke rufe kowane zane da ita, kamar yadda akawu ke buga hatimi a ƙasan takarda.

"Aikina ne, ranka ya daɗe."

"To, hannun wa?"

Ta san hannun. Na Munira ne, mai ba da magani a asibitin, wadda ta zo ranar Laraba saboda bikin sunan jaririn ƙanwarta.

"Ni hannu nake kallo, Alhaji, ba fuska ba."

Lauyan ya gyara murya. Ya bayyana cewa ɓata suna a intanet laifi ne, cewa sun rubuta wa kamfanin Fesbuk amma inji ne ya ba su amsa, kuma cewa ita ce kaɗai shaidar da suke buƙata don su shigar da ƙara. Ya ƙara da cewa zai so ya duba hotunan da ke wayarta.

"Barista, maganin ya lalace ko bai lalace ba?"

"Ba wannan ne batun da ke gabanmu ba, Hajiya."

"Na gane. To, mahaifina masinjan kotu ne a Garki, shekara ashirin da shida. Abu ɗaya ya koya mana: wanda ya zo da sammaci a shimfiɗa masa tabarma, wanda ya zo da baki kawai a ba shi ruwa. In kawo muku ruwa?"

Alhaji ya karɓe wayarsa. "Ki riƙe ruwanki. Mata takwas ke aiki a wurina. Gobe da ƙarfe takwas kowace za ta ɗora hannu a kan tebur. Matata ta gaya mini ba ki taɓa yi wa mutum biyu zane iri ɗaya ba, lalle kuma ba ya fita a kwana uku."

Gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha ɗaya Bilki tana wannan sana'a ba ta maimaita zane ba, da wannan ta yi suna, da shi kuma take cika baki. Suna tafiya ta buɗe wayarta, ta goge hoton hannun Munira da ta ajiye don talla, sannan ta kira ta.

Munira ta iso bayan azahar, hannunta na hagu a naɗe cikin mayafi. Da ta buɗe, fatar ta yi ja kamar an tsoma ta a ruwan zafi, dabinon kuwa yana nan tsaye.

"Anti Bilki, na yi lemun tsami, na yi toka, na yi kanwa. Ya ƙi."

"Da ya fita ai da na ji kunya. Ke kuma, ki ɓoye suna ki bar hatimina a fili?"

"Sauri nake yi. Da hannuna na miƙa wa wata mata daga Aujara kwalba biyu, har tana sa mini albarka. Na kasa barci." Ta share ido. "Kora ce, Anti, da kotu a bayanta. Ko in ce na ƙone, in ɗaure shi da bandeji?"

"Ki ɗaure, ki hutar da shi wahalar bincike." Bilki ta daɗe tana kallon zanen. Daga nan ta jawo babban kwanon kwaɓa lalle, wanda sai da salla take amfani da shi. "Kira mini matan asibitin duka. Ki ce kyauta ne, amma ki gaya musu dalili. Ba na yi wa mace zanen da ba ta san nauyinsa ba."

Bayan la'asar suka fara shigowa. Sista Khaulat, babbar nas, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata.

"Bilki, idan ya kore mu duka fa?"

"Sai ya koyi yin allura, Sista."

Inna Safa mai shara ta ture ta, ta zauna a kan tabarma. "Matsa mini, 'yar nan. Ni rabona da ƙunshi tun ana sa hannu a zunguru. Yau sai a yi mini na 'yan mata, in ga wanda zai ce da ni aka haɗa baki a Fesbuk, ni da wayata ko hoto ba ta ɗauka."

Aka yi dariya. Sista Khaulat ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga.

Mata shida suka zo, Munira ta bakwai. Ta takwas ta aiko cewa mijinta ɗan'uwan Alhaji ne. "Ba laifi," in ji Bilki. "Ko a kotu akan samu wanda bai halarta ba."

Ta ɗora hannun Munira a kan matashi tana kwafar zanen a hannun sauran matan, reshe bayan reshe, ɗigo bayan ɗigo, ba ƙari ba ragi. Yatsunta suka yi ta neman su kauce su ƙirƙiro sabon abu, tana hana su. A ƙarshe ta bi zanen Munira da sabon lalle, don kada gobe tsufan launi ya ba da shaidar da ita ta ƙi bayarwa.

Hannaye bakwai na shanye a kan gwiwoyi, ana dab da magariba, sai mota ta tsaya a waje. Hajiya Yakaka, matar Alhaji, ta shigo. Hira ta mutu. Munira ta yi yunƙurin ɓoye hannu, ta tuna bai bushe ba.

Hajiya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zauna kusa da Inna Safa, ta tuɓe awarwaronta, ta nuna wa Bilki hoton a wayarta.

"Irin wannan nake so."

"Hajiya, kin san abin da..."

"Na sani. Da kaina na ɗauko wa jikana kwalba daga kwalin maganin nan, satin da ya wuce. Wane hannu ne a hoton?"

"Hagu, ranki ya daɗe."

Hajiya Yakaka ta miƙa hagun. Sannan ta miƙa ɗayan.

"Yi mini har da dama. Da ita nake miƙa masa abinci."