Tayi Na Biyu a Shagon Nuala

Malachy Boyle ya tura ƙofar shagon abincin da kafaɗa, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Ƙamshin romon kifi ya tare shi. Shekara ashirin da shida yana birnin Boston na Amurka yana aikin gini, kuma kusan kullum sai ya tuna wannan romon: kifi mai hayaƙi, dankali da madara, ga burodin alkama da man shanu a gefe. Girkin mahaifiyarsu ne. Yanzu yayarsa Nuala ke riƙe da tukunyar, kuma ta daina amsa wayarsa tun ranar da aka binne tsohuwar bai zo ba.

Tun safe yake zagaya tashar jiragen kamun kifi. Ya wuce sababbin gidajen abinci inda baƙi ke fasa kaguwa suna ɗaukar hoto, ya wuce mashayar da abokansa na da ke shan baƙar giya, bai iya shiga ko ɗaya ba. Motar da za ta mayar da shi birnin Dublin kuma ƙarfe huɗu za ta tashi.

"Kai jama'a, ku ga abin da teku ta amayo!" in ji Dinny, wani tsohon masunci da ke zaune kusa da murhu. "Ɗan Amurka! Waɗannan haƙoran a can ka sayo su?"

Nuala ta fito daga kicin tana goge hannu. Kanta ya yi fari fat, tsayuwarta sak ta mahaifiyarsu.

"Ka yi ƙiba," ta ce.

"Ke ma dai ba ki rame ba."

"Za ka sha romo?"

"A'a, kar ki wahalar da kanki. Na ci a hanya."

Ƙarya yake, kowa ya sani. A gaɓar tekun nan tamu ta yankin Donegal babu mai kunya da zai karɓi tayin farko. Ka ƙi, a sake, ka ƙara ƙi, sai a na uku ka ce to, ɗan kaɗan. Wanda ake so shi ake matsa wa.

"To," in ji Nuala. Ta koma kicin abinta.

Malachy ya zauna a teburin taga kamar wanda aka watsa wa ruwa. Mai raba wasiƙu ya shigo a jiƙe, Nuala ta yi masa tayin shayi, ya ƙi. "Haba, za ka sha mana." Ya ƙi. "Zauna ni dai, mutum kamar kazar da ta faɗa rijiya!" Ya zauna yana dariya. Malachy ya kawar da kai. Yunwa na cinsa, amma abin da ya tsallako teku dominsa shi ne wannan faɗan.

"Ka bar jira, ɗana," Dinny ya raɗa masa. "Na san matar nan, taurin kanta ya fi naka."

Huɗu saura kwata ya miƙe, ya sa hula, ya kai bakin ƙofa. Can sai ya juyo.

"Nuala."

Ta leƙo.

"Yunwa nake ji."

Dinny ya ajiye cokali, don a garin nan gara mutum ya faɗi a titi da ya roƙi abinci da bakinsa.

"Ba ka ce ka ci a hanya ba?"

"Ƙarya na yi. Rabona da abinci tun jiya." Ya cire hularsa. "Kuma ya kamata in zo lokacin jinyar Mama. Tsoron ganinta a haka na ji."

Nuala ta dube shi.

"Sau uku na kira ka tana kwance, Malachy. Sau uku. Tayina ya ƙare a kanka tun lokacin."

Ta shige ciki. Ya tsaya riƙe da ƙofa, iska na kaɗo ruwa a wuyansa, yana jin ƙarar murfin tukunya bai san ko domin wa aka ɗaga shi ba. Jim kaɗan ta fito da kwano biyu, ta ajiye su a teburin taga, ta jawo kujera.

"Rufe ƙofar nan, kana shigo mana da sanyi," ta ce. "Ni ma ban ci komai ba tun da aka ce an gan ka a tasha da safe."