Mai Gwada Gadaje

Don in ga ko sabon shafin ɗaukar ma'aikata na asibitinmu yana aiki, sai na ƙirƙiri gurbin wasa: "Ana neman mai gwada gadajen marasa lafiya. Aikinsa kwanciya kawai." Na tashi aiki na manta ban goge ba.

Washegari na tarar mutum ɗari huɗu sun nema, har da maigidana. Ya rubuta yana da ƙwarewar shekara ashirin, kuma wallahi bai yi ƙarya ba.

Ina shirin gogewa babban likita ya shigo fuska a murtuke, ya tura ƙofa.

"Ke kika saka wannan tallan?"

"Yallaɓai, gwaji ne, a yi haƙuri."

Ya rage murya. "To ni da na cike fom tun da asuba fa?"