Ɗan Farin Goggo Ɗan Jamaika Ne

Shekarun da gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗin mai, har ta shiga ɗauko ma'aikata daga ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba, aka kawo ma Ƙanƙara likitan shanu daga Jamaika. Mista Barat sunanshi. Baƙi ne wuluk kamar kowa, amma ko sannu bai iya ba, sai mutane suka sa mashi Baƙin Bature suka huta. Da aka tambayi inda Jamaika take, wani direban tifa ya ce gaba da Ikko ce kaɗan. Aka bar ta a nan.

Matarshi ta rasu tun can ƙasarsu. Ya zo da ɗa guda, Delroy, ɗan shekara sha uku, dogo siriri, kullum ƙwallo a hammata. Aka nema masu mai dafa abinci, aka samu Goggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, haihuwa uku ta yi kuma babu wanda ya kai yaye. Mace ce mai faɗa, mai tsabta, wadda ba a taɓa ganin haƙorinta a banza ba. Bakinta bai iya juya sunan yaron ba, sai ta maida shi Dalaroyi, kuma a shekarar farko tana kwaɗa mashi kira sau ashirin a wuni, rabi don abinci, rabi don ya shigo da laka.

A damina ta biyu ciwon shawara ya kwantar da yaron. Ubanshi yana Sabuwa wurin allurar shanu, ruwa ya yanke hanya. Kwana goma sha ɗaya Goggo ta yi a gindin gadon nan, tana ɗura mashi kunu da cokali, malamin asibiti na yin allurarshi, ita kuma tana bi da jiƙon rawaya ta bayan fage. Ran da ya iya zama da kanshi, ya dube ta da idanun nan da suka faɗa, ya ce da 'yar Hausarshi, "Goggo, ke ce uwata yanzu."

Ta ce, "Sha kununka."

Daga ranar ba ta ƙara faɗin sunanshi ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonshi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana duniya. Kunya ce, kuma iyakar son iyakar kunyar. Dalaroyi ya koma "wancan", ko "yaron nan", in kuma ya ɓata mata rai, "mai ƙafafu". Duk unguwa aka gane. Zulaihatu maƙwabciyarta har ta leƙo barka, ta ce, "Goggo an haihu da girma, ba wanka ba jego!" Goggo ta kore ta da muciya. Mutum ɗaya ne kawai bai gane ba a Ƙanƙara, shi ne mai sunan, kuma ba wanda ya yi tunanin abu ne da ake bayani.

Shi kau yaron, ƙwallo kamar da ita aka haife shi. Kafin ya cika sha bakwai Hausa ta zauna a bakinshi, kuma ya zama abin tsoro a filin firamare. 'Yan Faskari suka zo da motar haya da makaɗi, ya zura masu huɗu, makaɗin ya koma gida da gangar a rataye. 'Yan Sabuwa suka ce ba za su buga ba sai ya cire takalmi, don a takalmin asirin yake. Ya cire, ya zura biyar. 'Yan Daudawa suka aiko cewa suna aikin auduga.

Goggo ba ta taɓa zuwa kallo ba. Daga kicin take jin ihun fili, in ihun ya yi yawa sai ta ƙara tsoka ɗaya a kwanonshi. In mata suka ce, "Goggo, ɗanki fa ya gagara," sai ta taɓe baki ta ce, "Ƙato da shi yana bin fata cikin rana. Aikin banza." Amma ita ce ke shafe takalman nan da man shanu duk jajibirin wasa don kar su tsage, shi ya sa karnukan garin ke bin Ɗan Jamaika har tsakiyar fili.

Sai kwangilar Mista Barat ta zo ƙarshe. Bayan girbi zai koma ƙasarsu, kuma takardu biyu suka iso a kan yaron. Ɗaya daga kulob ɗin wata masaƙa a Kaduna: aiki na suna a ofis, ɗaki mai fanka, babur Besfa sabo dal, kuma duk ƙarshen wata yana iya hawo mota ta Funtuwa ya zo gida. Ɗayar daga wani kulob a Ingila, ta hannun wani Bature da ya gan shi a wasannin makarantu: shekara biyu yana ɗan koyo, ba Besfa, ba zuwa gida. Uban ya ce ƙafar tashi ce, ya zaɓa.

Harisu tela, wanda shi ne kyaftin ɗin Ƙanƙara, bai ga abin shawara ba. "Ingila me? Turawan da kansu nan suke tururuwa neman aiki. Ka je can ka yi me, ka riƙe masu gida?" Goggo ma ba ta ga abin shawara ba. Kaduna take so, so irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Ta binne uku, ba ta da niyyar ba jirgi na huɗu.

Manajan kulob ɗin Kaduna, Alhaji Ɗanliti, mutum ne da ya san kan duniya. Ya zo cikin farar Fijo, ya tambaya a bakin kasuwa wa ke da yaro, aka ce a takarda dai Baƙin Bature ne, amma ya ga Goggo. Ya shiga da goro da turmin atamfar masaƙarsu, ya durƙusa a ƙofar kicin da babbar rigarshi.

"Goggo, a kan yaron wajenki muka zo."

"Wane yaro?"

"Ɗan Jamaika."

"Af, wannan? Ku kwashe shi don Allah, mu huta da wankin safa."

Ta jawo atamfar ta sa bayanta. Alhaji Ɗanliti ya fito yana murmushi, ya ce ma direbanshi uwar ta bayar, magana ta ƙare. Delroy yana tsaye jikin randa da moɗa a hannu, ya ji komai, kuma ya fahimci kowace kalma.

Kwana biyu Harisu ya ɗinke atamfar. Goggo ta saka ta, ta kai ma yaron abincin rana da ita, yau, gobe, jibi. Tun da gidan likita na gwamnati ne, sai ta kira magini ya yaɓe ɗakin da ke gidanta na kanta, ta sa gadon ƙarfe da sabuwar tabarma, ta buga ƙusa inda za a rataye takalma. A lissafinta, ko shela ta sa aka yi a kasuwa cewa Kaduna take so ba ta fi haka ba.

Ran Talata da hantsi Delroy ya same ta tana tankaɗe. Rashin sa'a, Zulaihatu na zaune ta zo aron rariya, kuma Zulaihatu ba ta tashi in ta hango magana.

Ya durƙusa ya ce, "Goggo, in na tafi Kaduna, duk wata zan zo. In Ingila ce, shekara biyu, ƙila fiye. Wanne kike so?"

A gaban mutane! Ta ƙara ma rariya gari ta ce, "Ji yaro da neman magana. Ina ruwana?"

"Shekara uku ba ki kira sunana ba. Me na yi maki?"

Goggo ta ajiye rariyar, ta shige ɗaki, ta saki labule. Zulaihatu ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma kafin azahar ta kai labarin gida shida, kowa na cewa kai, ɗa da uwa sai Allah. Yaron ya wuce shagon Harisu, ya ce, "Goggo ba ta faɗin sunana." Harisu, da zare a baki, bai ko ɗago daga keke ba. Ya ce, "To da fa? Ai ba za ta faɗa ba har ta mutu." Delroy ya ce ya gode. A ranar ya sa hannu a takardar Ingila.

Goggo ba ta ji ba sai safiyar tafiya, lokacin da ta riga ta cika gwangwani da dambun nama daidai cin wata guda. Harisu ne ya shigo yana huci.

"Goggo, kin san inda za shi kau? Ingila fa!"

"Kaduna dai."

"Wallahi Ingila. Yau su kwana Kano, gobe jirgi."

Ta zauna a kan turmi. Kafin ta gama jin abin a jikinta, tsakar gida ta cika da matan unguwa masu sallama, sai ga yaron ya shigo cikin kwat ɗin ubanshi, hannun ya yi mashi gajere. Ya durƙusa a bayanta. Ya jira. Mata goma sha suna kallo. Kalma ɗaya ce, tana nan a maƙogwaronta, ta taso ta koma, ta taso ta koma. Goggo ta ɗauki tsintsiya ta fuskanci bango, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Zulaihatu ce ta miƙa mashi gwangwanin. Ba ta raka shi ko ƙofa ba, don uwa ba ta rakiyar ɗan fari, kuma mata suka tafi suna yaba mata, wai irin su Goggo sun ƙare a zamanin nan.

Ta koma gidanta. Duk safiya tana share ɗakin mai gadon ƙarfe. In aka tambaye ta, sai ta ce gizo-gizo ne ke damunta.

Wata huɗu sai ga wasiƙa mai kan sarki na Ingila. Harisu ya kawo ta, Zulaihatu ta biyo shi ba a kira ta ba. Da Hausa aka rubuta, hannu na karkacewa. Harisu ya gyara murya.

"Goggo, ina gaisuwa. Sanyi da yawa. Ina buga ma ƙananan kulob, manya tukuna. Abincinsu ba yaji. Dambu ya ƙare tun tuni. Ni Kaduna na so, amma na ga kin gaji da ni, ban so in riƙa zuwa duk wata ina ba ki wahala. Duk laifin da na yi har kika daina kiran sunana, ki yafe mani. Ki faɗa ma Harisu laifin, ya rubuto, don in sani."



Zulaihatu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Wai bai sani ba?"

Harisu ya ce, "Shekara huɗu yana garin nan, ba wadda ta faɗa mashi?"

Zulaihatu ta ce, "Kai da kuke yini tare fa?"

"Ni ƙwallo muke yi!"

Goggo ta karɓi takardar, ita da ba ta karatun boko, ta riƙe ta a juye tana kallo. Baƙin cikin da ta ji ranar ya fi na ranar tafiya, don ran nan ta ɗauka Ingila ce ta fi ta, ashe ita ce ta kore shi da hannunta, sanye da atamfar Kaduna.

Harisu ya ce zai rubuta mashi bayani dalla-dalla, amma takarda ba za ta isa ba, don hannun Harisu zai gani, ba bakin Goggo ba. Ya je ya ɗauko rediyonshi mai kaset, wanda ya saya lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari da ɗinki. Ya ajiye shi a kan gadon ƙarfe, ya danna jan maɓalli, ya ce duk abin da ta faɗa zai shiga, kuma gefe ɗaya rabin awa ne. Ya tasa Zulaihatu gaba har waje, ya ja ƙyaure.

Goggo ta zauna a tabarma. Ta gyara ɗaurin kallabi. Abin yana juyawa, tana kallonshi, shi ma kamar yana kallonta da idanun nan biyu. Ta tashi ta leƙa tsakar gida, ba kowa. Ta leƙa bayan ɗaki, don ta san halin Zulaihatu. Ta dawo ta zauna. Kaza ta shigo, ta kore ta. Wani ya wuce yana tallar kananzir. Aka kira la'asar. Zaren kaset ɗin da ke gefen hagu ya yi ta ƙanƙancewa har ya kusa ƙarewa, kuma duk abin da zai tafi Ingila zuwa yanzu kaza ce da mai kananzir.

Sai ta matso, ta dafa gadon da hannu biyu, ta juya fuska ga ƙusar da ke bango. Ta ɗaga murya yadda take yi a shekarar farko, in yana can bayan gida yana buga ƙwallo a katanga.

"Dalaroyi! Dalaroyi! Tuwonka na hucewa."

Ta share ido da bakin zane, ta ja hanci, ta tashi ta buɗe ƙyaure.

"Kai Harisu, zo ka kashe abin nan, yana cin batir."